Babi na Shida: Mutum Ɗaya, Gunduma Ɗaya

A can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila akwai wani yanki da ya miƙe cikin teku, ana ce masa Cornwall. Ƙasa ce ta masunta da manoma da masu haƙar ma'adinai, kuma tun da can aka rarraba ta gunduma-gunduma, sama da 200, kowace da cocinta da maƙabartarta da kundin sunayen mutanenta. Irin wannan gunduma ita ce Turawa ke kira farish, wato ƙauye ɗaya ko 'yan ƙauyuka da ke ƙarƙashin limamin coci guda.

A farkon shekarun 2000 wasu masu sha'awar binciken salsala a wannan yanki suka fito da wani tsari. Suka ce kowace gunduma a samu mutum ɗaya da zai ɗauki nauyinta: ya tattara abin da aka taɓa rubutawa game da mutanenta, ya kwafe a kwamfuta, duk wanda ya zo nema daga ko'ina a duniya ya ba shi kyauta. Suka sa wa mai wannan aiki suna akawun gunduma na intanet. Ba coci ce ta naɗa shi ba, ba kuma ƙaramar hukuma ba. Ba shi da albashi, kuma ba dole ne ya zauna a gundumar ba, domin da yawansu suna Ostareliya ko Kanada ko Amurka, a ƙasashen da kakanninsu suka yi ƙaura. Da tsarin ya kankama sai wasu yankuna suka ɗauka, irin su Devon da Dorset da Somerset da Wiltshire da Sussex da Kent da Lancashire.

Ƙarfin wannan tsari yana cikin ƙanƙantarsa. Mutum ɗaya da ya daɗe yana karanta kundin wuri ɗaya yana kaiwa ga wani irin sani da babu kamfanin da ke sayar da shi. Kafin a gane haka, sai an fara sanin kundin kansa, da yadda aka yi ya wanzu.

Akwati mai makulli biyu

A watan Satumba na 1538, Thomas Cromwell, babban waziri ga Sarki Henri na Takwas, ya ba da umarni cewa kowane limamin coci a Ingila da Wales ya riƙe littafi, ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, duk waɗanda aka ɗaura wa aure, da duk wanda aka binne. Za a yi rubutun kowace Lahadi a gaban ɗaya daga cikin dattawan da ke kula da cocin, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu, ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun dattawa. Wanda ya yi sakaci zai biya tarar sule uku da kwabo huɗu.

Talakawa ba su yi murna da abin ba. A 1539 wani babban mutum mai suna Piers Edgcumbe ya rubuta wa Cromwell cewa mutanen Devon da Cornwall suna cikin fargaba, suna zaton sarki na ƙirga su ne don ya ɗora musu sabon haraji. Limamai da yawa kuma suka riƙa rubutu a kan takardu warwatse, waɗanda danshi da ɓeraye suka cinye. Shi ya sa a 1598, zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, aka tabbatar da sabuwar doka: a koma rubutu a kan fata jemammiya, a kwafe tsofaffin bayanai a cikin sabon kundi, musamman daga shekarar da ta hau mulki, kuma kowace shekara a aika wa bishof kwafin abin da aka rubuta. Wannan ne dalilin da ya sa kundaye masu yawa suka fara daga 1558 maimakon 1538. Kwafin bishof kuwa ya zama mafita har yau, domin inda kundin gunduma ya ɓata ko ya ƙone, sau da yawa a nan ake samun madadinsa.

Daga nan kowane zamani ya bar alamarsa a kan shafukan. Yaƙin basasa na shekarun 1640 ya bar giɓi a kundaye da dama. Dokokin 1666 da 1678 sun tilasta a yi wa kowane mamaci likkafani da ulu don a tallafa wa masaƙan ƙasar, a kawo shaidar rantsuwa cewa an yi hakan, in ba haka ba a biya tarar fam biyar, don haka mai karatu zai ga an sa alamar rantsuwar a gefen sunan mamaci. Daga 1754 aka ware wa aure littafinsa daban, ango da amarya da shaidu su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alamar gicciye. A 1783 abin da kakanni suka ji tsoro ya tabbata, aka sa harajin taro a kan kowane suna da aka shigar, aka yafe wa matalauta kawai, har aka soke shi a 1794. Daga 1813 aka kawo littattafai bugaggu masu layi-layi, inda ake rubuta sana'ar uba da unguwar da iyali ke zaune, da shekarun mamaci. Sai ranar 1 ga Yuli, 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa.

Kusan shekara 300 ke nan tsakanin umarnin Cromwell da rajistar gwamnati. A tsawon wannan lokaci, mai sarauta da mai ƙasa sun bar wasiyya da takardun fili da hotunan zane. Lebura da baranya da matar masunci galibi ba su bar komai ba sai layi uku a wannan kundi: ranar da aka yi musu baftisma, ranar aure, ranar binnewa. Wanda ya kwafe waɗannan layuka yana riƙe da iyakar abin da ya rage na mutum a duniyar rubutu.

Dalilin da ya sa aka fara a Cornwall

Ruwa ba ya tsami banza. Cornwall ƙasa ce da 'ya'yanta suka watse. A ƙarni na 19 tana cikin manyan wuraren haƙar jan ƙarfe da kuza a duniya, kuma mutanenta sun ƙware wajen fasa dutse mai tauri da janye ruwa daga rami mai zurfi da injin tururi. Duk inda aka gano ma'adini, su ake nema. Tun 1824 suka isa Real del Monte a Meksiko don haƙar azurfa. Suka tafi Mineral Point a jihar Wisconsin, da Grass Valley a Kalifoniya, da Moonta a Kudancin Ostareliya bayan an gano jan ƙarfe a can a 1861. Da farashin jan ƙarfe ya faɗi a 1866 ramukan gida suka yi ta rufewa, tafiyar ta zama ta dole, ƙauyuka suka koma sai mata da yara da tsofaffi masu jiran kuɗin da za a aiko. Bayan 1886 zinariyar Afirka ta Kudu ta ja nata rabon. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, akwai 'yan Cornwall da ɗaliban makarantar haƙar ma'adinai ta Camborne cikin waɗanda suka zo aikin. Ramin kuza na ƙarshe a Cornwall, South Crofty, ya daina aiki a 1998.

Saboda haka, masu neman asalinsu a Cornwall galibinsu suna nesa da ita. Kundayen asali kuwa an kwashe mafi yawansu daga coci-coci an kai ma'adanar tarihi ta yankin, wadda tun 2019 take a garin Redruth da sunan Kresen Kernow. Tsohuwar da ke Adelaide a Ostareliya ba za ta iya hawa jirgi ta zo duba layi ɗaya ba. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, to ga zumunta nan da teku ya raba ta da ƙafa. Akawun gunduma shi ne ya ɗauki nauyin yin tafiyar a madadinta.

Yadda ake aikin

Aikin yana farawa da neman izini, domin kundin yana da masu shi, hotunansa ma suna da masu su. Daga nan ɗan sa-kai ya samu hoton shafuka, ko dai wanda ma'adana ta ɗauka, ko wanda ƙungiyar binciken salsala ta cocin Mormon da ke Utah ta ɗauka a ƙaramin fim, aikin da ta fara tun 1938 kuma yau take gabatarwa da sunan FamilySearch. Sai ya zauna, hoto a gefe ɗaya na allo, jadawali a ɗaya gefen, ya bi layi bayan layi: rana, wata, shekara, suna, sunan uba, sunan uwa, sana'a, unguwa, da duk abin da limami ya ƙara a gefe.

Ƙa'ida ta farko da ake koya wa sabon shiga ita ce: rubuta abin da ka gani, ba abin da kake zato ba. In limami ya rubuta sunan iyali ɗaya iri uku a shafi ɗaya, a bar shi iri uku. In harafi ya goge, a sa alamar cewa ya goge. In mai kwafi yana da ra'ayi, akwai gurbin sharhi, a nan zai sa shi, a san nasa ne. Dalili kuwa shi ne, da zarar ya gyara wa limami rubutu a ɓoye, ya rufe wa na bayansa hanyar gano gaskiya, kuma kuskure in ya shiga intanet, mutum ɗari za su kwafa kafin ɗaya ya koma ya duba asali.

Karatun kansa sai an koya. Rubutun hannu na ƙarni na 16 da na 17 yana da siffofin haruffa da ɗan boko na yau bai saba da su ba, har wani harafi yana kama da wani. Tsofaffin kundaye da yawa da Latin aka rubuta su, sunan da aka san mutum da shi a kasuwa daban, wanda limami ya rubuta daban. Ana gajarta sunaye, ana tsallake sunan uwa, tawada tana hudowa daga bayan shafi. Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Kafin 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka yaron da aka yi wa baftisma a watan Afrilu na 1700 aka binne shi a Fabrairu na 1700 bai mutu kafin a haife shi ba, wata goma ya yi a duniya. A watan Satumba na 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwana ranar 2 aka tashi ranar 14. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka limami ne ya ruɗe.

Kundin baftisma da aure da binnewa shi ne ginshiƙi, amma akawu nagari ba ya tsayawa nan. A cikin akwatin nan na coci akwai lissafin masu kula da matalauta, wanda ya samo asali daga dokar 1601, da takardun tambayar baƙo asalinsa don a san gundumar da za ta ciyar da shi in ya gaza, da yarjejeniyar ba da marayu koyon sana'a. Akwai jerin mazan da suka yi rantsuwar biyayya a 1641 da 1642, da jerin harajin murhu na shekarun 1660, da taswirorin gonaki na wajen 1840 masu nuna mai fili da mai noma shi. Akwai ƙidayar jama'a, wadda daga 1841 take ɗauke da sunan kowa gida-gida. Wasu kuma suna shiga maƙabarta da kyamara da littafi, suna kwafe rubutun duwatsun kabari kafin iskar teku ta share shi. Duk wannan ana zuba shi a rumbun bayanai guda na yankin, wanda kowa ke iya bincikawa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Sai amsa wasiƙu. Wani zai rubuto yana cewa kakan kakansa ya sauka a Ostareliya wajen shekara kaza, takardar mutuwarsa ta ce ɗan Cornwall ne, ga sunan ubansa, ko za a taimaka. Akawu ya duba, ya aika abin da ya samu tare da faɗin inda ya samo shi, wane kundi, wace shekara, don mai tambaya ya iya tabbatarwa da kansa. In bai samu ba, ya faɗa masa bai samu ba, ya nuna masa gundumar maƙwabta.

Abin da sai ɗan gida

Mai karatu zai iya tambaya: ina amfanin wannan wahala alhali akwai manyan kamfanoni irin su Ancestry da Findmypast masu biliyoyin sunaye, ga kuma na'ura da ta fara iya karanta rubutun hannu? Tambaya ce mai kyau, kuma babu mai musun aikin da waɗannan suka yi. Findmypast ce ta ɗauki hoton ƙidayar 1921 ta Ingila da Wales ta fitar a 2022. A wannan shekarar kuma, da aka buɗe ƙidayar Amurka ta 1950, na'ura ce ta fara karanta sunayen, sannan 'yan sa-kai suka bi suna dubawa. Amma fitar da suna daga shafi abu ne daban, sanin ko wane ne mai sunan abu ne daban.

Ga misali. A Cornwall akwai gunduma biyu masu suna St Just, ɗaya a Penwith can ƙarshen yamma inda ramukan kuza suke, ɗaya a Roseland a gaɓar kudu. Takardar da aka cika a wata ƙasa ba za ta bambance su ba. Wanda ya daɗe a kundin ɗayansu, da ya ji sunan iyali da sana'a, zai iya cewa wannan namu ne ko ba namu ba ne. Haka kuma a shekarun 1840, da masu haƙar ma'adinai suka yi yawa, aka yanki sababbin gundumomi daga tsofaffi, kamar Pendeen da aka cire daga St Just ta yamma. Iyali suna nan a ɗakinsu ba su motsa ba, amma sai su ɓace daga wannan kundi su bayyana a wancan. Baƙo zai ce sun yi ƙaura, ɗan gida ya san iyaka ce ta matsa.

Ga kuma batun addini. John Wesley ya fara zuwa Cornwall a 1743, kuma ɗariƙarsa ta Methodist ta kafu a can fiye da yawancin sassan Ingila, har a ƙidayar masu ibada ta 1851 mabiyanta suka fi na cocin gwamnati yawa a yankin. Tsakanin 1754 da 1837 doka ta tilasta wa kowa ɗaura aure a cocin gwamnati, in ban da Yahudawa da 'yan ɗariƙar Quaker. Don haka za ka ga aure a kundin gunduma, amma babu baftismar yara ko ɗaya. Wanda bai sani ba zai rubuta cewa ba su haihu ba. Wanda ya sani zai nufi littattafan ƙananan majami'un Methodist, waɗanda ba su bin iyakar gunduma.

Mafi wuya duka shi ne maimaita suna. A ƙauye ɗaya ana iya samun mutum huɗu masu suna ɗaya da sunan iyali ɗaya, 'yan'uwan juna, an haife su cikin shekara biyar. Iyaye kuma sukan mayar wa sabon jariri sunan wansa da ya rasu. Mai gaggawa zai kama na farko da ya gani ya liƙa a bishiyar gidansu, alhali wannan yaron an binne shi yana wata shida, sunansa na nan a littafin binnewa ga wanda ya duba. Akawun da ya kwafe littattafan uku da hannunsa shi ne zai tuna. Ya san wace gona ce ta wane reshe, ya san shaidun aure da ke bin wane gida, ya san wane limami ne mai tsallake layi in ya tsufa. Wannan sani ba a shafi ɗaya yake ba, yana taruwa ne a kan mutum a hankali, kuma shi ne dalilin da ya sa aka ce gunduma ɗaya, ba yanki gaba ɗaya ba.

Abin da tarin sunaye ke faɗa

Amfanin aikin bai tsaya ga mai neman kakansa ba. A 1964 Peter Laslett da Tony Wrigley suka kafa wata ƙungiyar nazarin tarihin yawan jama'a a Cambridge. Suka yi kira ga masu sha'awar tarihi a ƙauyuka da garuruwa su ƙirga musu baftisma da aure da binnewa wata-wata daga kundayen gundumominsu. Daga ƙirgar gunduma 404 Wrigley da Roger Schofield suka fitar da babban littafinsu a 1981, wanda ya bi yawan mutanen Ingila daga 1541 zuwa 1871. Da irin wannan aiki aka gane cewa talakawan Ingila na da ba sa aure da wuri kamar yadda ake zato, yawanci sai sun kai tsakiyar shekarunsu na ashirin, kuma lokacin aure yana gaba yana baya gwargwadon tsadar rayuwa. Malaman jami'a ne suka yi lissafin, amma 'yan sa-kai ne suka kawo abin lissafawa.

A matakin gunduma ma haka ne. Littafin binnewa yana nuna watan da annoba ta shiga gari, kamar kwalara ta 1832 da ta 1849, inda shafin da kan ɗauki shekara ya cika cikin mako biyu. Yana nuna shekarun da masu aikin rami ke mutuwa, da yawansu ba su kai tsufa ba saboda ƙurar dutse a huhu. A 1846 ruwan sama ya malale ramin East Wheal Rose ya kashe mutum 39. A watan Oktoba na 1919 injin da ke hawa da sauka da ma'aikata a ramin Levant ya karye, mutum 31 suka rasu. Jarida ta ba da adadi. Kundin gunduma da ƙidaya su ne ke nuna matar wa aka bari, da 'ya'ya nawa, da inda suka ƙare bayan shekara goma.

Akwai kuma dalili na tsaro. Takarda ɗaya a wuri ɗaya ba ta da tabbas. A 1922 gobara a gidan adana takardun gwamnati a Dublin ta cinye ƙidayar farko-farko ta Ailan da kundayen coci masu yawa. A 1942 bama-baman Jamus suka ƙone ofishin wasiyyoyi na Exeter, inda aka tara wasiyyoyin Devon na ɗaruruwan shekaru har da wasu na Cornwall, domin Cornwall tana ƙarƙashin bishof na Exeter har 1876. A wannan shekarar ta 1942 kuma gobara ta hallaka ƙidayar 1931 ta Ingila da Wales baki ɗaya. Abin da ya tsira daga wasiyyoyin Exeter, galibi abin da wani mai haƙuri ya riga ya kwafe ne tun kafin wutar.

Amana da iyakarta

Wanda ya shiga kundin mutane zai ga abin da su kansu suka ɓoye. Zai ga yaron da aka haifa ba aure da kalmar da limami ya liƙa masa, da takardar da aka tilasta wa wani namiji ya ɗauki nauyin ciyarwa. Zai ga wanda ya mutu a gidan gajiyayyu, da wanda kotu ta kora zuwa Ostareliya saboda sata. Mai tambaya kuwa wataƙila ya taso da labarin cewa kakansu kyaftin ne mai jirgi. A nan akawu yana da haƙƙi biyu a kansa: kada ya ɓoye abin da ke rubuce, kada kuma ya jefa shi kamar dutse. Ya aika bayanin yadda yake, ya ƙara da bayanin zamanin, yadda talauci yake a lokacin, da yadda irin wannan ya zama ruwan dare a gundumar, don jika ya ga kakarsa a matsayin mutum da ta sha wuya, ba abin kunya ba.

Rayayyu kuma suna da nasu haƙƙin. Gwamnatin Birtaniya tana rufe takardun ƙidaya shekara 100, kuma masu wannan aiki suna kaffa-kaffa da bayanan kusa, don kada a baza sunan mai rai da ranar haihuwarsa da sunan uwarsa inda ɗan damfara zai tsinta.

Batun kyauta shi ma amana ne. Ƙa'idar tsarin ita ce ba a karɓar kuɗi don amsa tambaya. Haka ma sauran ayyukan sa-kai irinsa, kamar FreeBMD da aka fara a 1998 don kwafe jerin rajistar gwamnati, da 'yan'uwansa FreeREG na kundayen coci da FreeCEN na ƙidaya. Hujjarsu a fili take: mutanen da ke cikin kundin yawancinsu talakawa ne, bai dace a ce sai mai kuɗi ne zai iya sanin sunansu ba.

Raunin tsarin kuwa yana nan inda ƙarfinsa yake. Abin da ya dogara ga mutum ɗaya yana iya tafiya da shi. Yawancin masu aikin sun manyanta, ido yana gajiya, kuma a kowane yanki akwai gundumomin da ba su da mai riƙe su. Maganin da aka samu shi ne kada kowa ya riƙe aikinsa a kwamfutarsa shi kaɗai. A zuba shi a rumbun gama-gari, a rubuta inda aka samo kowane layi, a bar sharhi a kan wuraren da ke da ruɗani, yadda wanda zai gada zai ɗora daga inda aka tsaya.

Wannan darasin bai tsaya a Ingila ba. A ƙasar Hausa ba mu da kundin 1538, amma muna da takardun rabon gado na kotunan alƙalai masu jera magada da sunayensu, da takardun gundumomi a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da rubuce-rubucen ajami a gidajen malamai, da tsofaffi masu iya jero kakanni bakwai da unguwar da kowane ya fito. Abin da mutanen Cornwall suka nuna shi ne ba sai an jira hukuma ko babban kuɗi ba. Ana bukatar mutum ɗaya da zai ce wannan unguwa ko wannan ƙauye ni ne mai shi, ya rubuta abin da ya gani yadda ya gan shi, abin da ya ji kuma ya sa sunan wanda ya faɗa masa, ya ajiye kwafi a hannun wasu, sannan duk ɗan garin da ya zo tambaya, daga Kumasi ne ko daga Omdurman, ya ba shi amsa ba tare da ya nemi lada a wurinsa ba.